Masu Tambayar Asali: Tarihin Nazarin Al'umma a Birnin Shehu

Idan zangon karatu na ƙarshe ya kama, ɗaliban nazarin zamantakewa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sukan bazu cikin unguwannin Sakkwato da takardun tambayoyi a hannu, domin haɗa kundin kammala digiri. A saman irin wannan takarda akan ware layin ƙabila, da 'yan akwatunan da za a yi wa alama: Hausa, Fulani, Yarbawa, Ibo, sauransu. A unguwa irin Gidan Igwai, layin nan kaɗai yakan ci wa yaro rabin safiya. Zai yi sallama, ya rusuna gaban dattijo a bakin shago, ya ce, "Baba, wace ƙabila za a rubuta?" Dattijo ya ce, "Ɗana, ni Bagobiri na." Na kusa da shi ya ce shi Ba'adare ne, kakansa daga wajen Tawa ya gangaro. Na uku ya ce Bafillace ne Batoranke, alhali ko gaisuwa ba ya iya mayarwa da Fillanci. Dukansu da Sakkwatanci suke magana, sahu ɗaya suke bi a masallaci, kuma wataƙila 'ya'yansu sun auri juna.

Wannan tambaya ta "su wane ne mu" ta girmi jami'ar da fiye da shekara 160. Tun birnin yana sabo ake yin ta, kuma a kowane zamani akwai mutanen da suka mayar da neman amsarta sana'a.

Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, shekara guda bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir. Gari ne na baƙi tun ranar farko. Akwai Torankawa dangin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da Sulluɓawa, da Gobirawa da Kabawa da Zamfarawa waɗanda yaƙi ya tarwatsa garuruwansu, da Adarawa da Buzaye daga arewa, da bayin da aka kamo daga nesa. Har yau sunayen tsofaffin unguwanni suna ba da labarin yadda aka zaunar da mutane: Marina ta masu rini, Takalmawa ta maɗinka takalma, Giɗaɗawa ta zuriyar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Wanda zai mulki irin wannan taro dole ya san wa ke gabansa.

A 1812 Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri. An fi sanin littafin da labarin jihadi, amma farkonsa bayani ne a kan ƙasashe da mutanensu: Barno, Azbin, ƙasashen Hausa, Nufe, ƙasar Yarbawa, da abin da ake faɗa game da asalin kowa. A ciki ya kawo ruwayar da ke danganta Gobirawa da Kibɗawan Masar. A ciki kuma ya adana wasiƙun da suka yi musaya da Shehu Laminu na Barno, inda malaman biyu suka yi ta ja-in-ja a kan wane ne Musulmi, da ko saɓo da bin al'adun gargajiya suna fitar da mutum daga addini. Ƙanen Shehu, Malam Abdullahi na Gwandu, shi ma ya bi salsalar danginsa daga Futa Toro har zuwa zamansu a Ƙonni. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, ya koma Ingila da taswirar da aka zana masa a fadar Bello da wani yanki na Infaƙul Maisuri. Wato wani ɓangare na abin da Turai ta karanta game da al'ummomin wannan yanki a lokacin, daga alƙalamin Basakkwace ya fito.

Nana Asma'u, 'yar Shehu kuma matar Giɗaɗo, ta lura da wani abin da ke faruwa a ƙarƙashin duk wannan. Mahaifinta ya yi yawancin waƙoƙinsa da Fillanci, amma matan ƙauye da take son karantarwa Hausa suke ji. Sai ta riƙa mayar da waƙoƙi zuwa Hausa, tana bai wa matan da ta naɗa jaji, suna kai wa ɗalibanta mata, 'yan taru, a garuruwa. Kafin rasuwarta a 1864, Hausa ta riga ta kama hanyar zama harshen gida har a gidajen waɗanda suka ci ƙasar Hausa da yaƙi. Batoranken da ba ya jin Fillanci a yau jikan wannan sauyi ne.

Ranar 15 ga Maris, 1903, sojojin Ingila suka ci Sakkwato, kuma da su wata sabuwar hanyar tambaya ta shigo. Bature yana son ya san mutane ne don ya aza musu haraji da jangali. Di'o-di'o suka riƙa zagaya gundumomi a kan doki, da tafinta da malamin rubutu, suna ƙidaya gidaje da shanu, suna rubuta ƙabilar kowane ƙauye. Razdan na farko, Burdon, ya sa aka tara masa tatsuniyoyi da labarai da wasiƙu, waɗanda daga baya suka shiga littattafan tatsuniyoyin Hausa da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913. Wani razdan, Arnett, ya fitar da taƙaitacciyar fassarar Infaƙul Maisuri a 1922. An adana abubuwa masu amfani ta wannan hanya. Sai dai rahotannin sun raba jama'a gida biyu, Fulani masu mulki da Haɓe talakawa, kamar ba a taɓa auratayya ko zaman makaranta tare ba. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata kuma ta bar Ƙonni da Tawa da Tsibiri a wancan ɓangare, ta mayar da Ba'adare da Bagobirin can baƙi a takarda.

Ɗaya daga cikin ayyukan farko na ƙidaya irin ta masana zamani a wannan lardi a kan 'yan cin rani aka yi shi. A ranin 1952 zuwa 1953, a binciken da Mansell Prothero ya rubuta sakamakonsa, aka tsaya a mashigai da bakin kogi ana ƙirga masu fita neman kuɗi, aka samu fiye da mutum 200,000 a kaka ɗaya, wasu zuwa ƙasar Yarbawa, wasu har Gwalkwas, wadda ta zama Gana. A can kudu kuwa, ko mutum Bazabarme ne ko Bakabe ko Ba'are, da ya sauka zango sunansa Bahaushe. Abner Cohen, wanda ya zauna da mutanen Sabo a Badun ya kuma buga littafinsa a 1969, ya nuna yadda fataken goro da na shanu suka riƙe Hausanci da ɗariƙar Tijjaniyya suka zama katangar da ke kare amanar kasuwancinsu.

Babbar mahaɗar tsohon ilimi da sabo ita ce zauren Waziri Junaidu a Giɗaɗawa. An haife shi a 1906, ya zama Wazirin Sakkwato a 1948, ya gaji ɗakin littattafan kakanninsa, ya kuma rubuta Tarihin Fulani da Hausa domin kowa ya karanta. A farkon shekarun 1960 wani saurayi ɗan Ingila, Murray Last, ɗalibi a Jami'ar Badun, ya zo ya zauna gabansa kamar kowane almajiri. Waziri ya buɗe masa wasiƙun waziran farko da littattafan Larabci, yana karanta masa yana warware masa wane ne wane, wa ya haifi wa, wace wasiƙa aka aika wa wane sarki. Da wannan Last ya sami digirin dakta a 1964, littafinsa kuma ya fito a 1967.

A shekarar nan ta 1967 wani tsohon jami'in mulkin mallaka, Johnston, shi ma ya fitar da nasa littafin, ya kira ƙasar daular Fulani. Last da malaminsa Abdullahi Smith suka kira ta halifanci, domin takardun da suka karanta sun nuna cewa waɗanda suka kafa ta da sunan addini suka yi, kuma cikin jama'ar Shehu akwai Hausawa da Buzaye, irin su Malam Abdussalami Ba'are da Agali. Sunan da Last ya zaɓa shi ya zauna a makarantu. Daga baya ya bar takardun fada ya koma ƙauyen Maguzawa a ƙasar Malumfashi, ya zauna da su yana nazarin cuta da magani, kafin ya zama farfesa a Kano sannan a Landan. An fassara littafinsa zuwa Hausa da sunan Daular Sakkwato, kuma Farfesa Aliyu Muhammad Bunza na cikin waɗanda suka yi aikin. Ta zauren Waziri kuma Jean Boyd ta bi ta tattara rubuce-rubucen Nana Asma'u, ta fitar da tarihinta a 1989.

Waziri Junaidu bai ɗauki jami'a a matsayin abin da ba a taɓawa ba. Da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a farkon shekarun 1970, ya yi jawabin da har yau ake ambato, inda ya kwatanta jami'o'inmu da dashen da saiwarsa ke wata ƙasa, ya nemi su san al'ummar da suke zaune a cikinta. Ya rasu a 1997. Hukumar adana tarihi da al'adu ta jihar Sakkwato sunansa take ɗauke da shi.

A Zariya aka fara koyar da soshiyoloji, wato nazarin zamantakewa, a Arewa a matsayin fanni mai zaman kansa. Fitaccen ɗan Arewa na farko a fagen shi ne Dakta Ibrahim Tahir, Talban Bauchi, wanda ya yi aiki da sashen Hausa na BBC, ya yi digirin dakta a Kambirij a 1975 a kan malamai da sufaye da attajiran Kano, ya shugabanci sashen a Zariya, daga baya siyasa ta ja shi har ya zama minista a gwamnatin Shehu Shagari. A sashen nan ne kuma Patrick Wilmot, mutumin Jamaika, ya koyar har gwamnatin soja ta kore shi daga ƙasar a 1988. Tun daga farko ke nan aka gane cewa mai binciken yadda al'umma take ba ya rabuwa da idon masu mulki, ko su jawo shi ko su kore shi.

Sakkwato ta sami jami'arta a 1975, cikin sababbin jami'o'in da gwamnatin tarayya ta kafa a lokacin kuɗin man fetur. An fara karatu a watan Oktoba na 1977 da ɗalibai 93, Farfesa Shehu Galadanci yana shugaba. A 1988 aka sa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo. Shugabanta na biyu, Farfesa Mahdi Adamu, wanda ya riƙe ta daga 1982 zuwa 1989, shi ne mutumin da ya fi kowa tunkarar tambayar wane ne Bahaushe.

Mahdi Adamu mutumin Ngaski ne a ƙasar Yawuri, inda Hausawa ke zaune da Kambari da Gungawa da Dukkawa. Ya fara da binciken tarihin Yawuri a Zariya, ya yi digirin dakta a Birmingham, sannan a 1978 ya fitar da littafinsa kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma. Ya bi sawun fatake da malamai da maƙera da makaɗa da sojoji daga ƙasar Hausa zuwa Nufe da Borgu da Gwanja, har Salaga da Kumasi da Ikko. Abin da ya fito fili a aikinsa shi ne Hausanci bai tsaya ga jini ba. Harshe ne da sutura da sana'a da addini da zaman gari, kuma mutane sun daɗe suna shigarsa. A ƙasar tasu ta Yawuri wani Ba'amurke, Frank Salamone, ya ga abin da idonsa: bayan dam ɗin Kainji ya ci tsibiran Gungawa a 1968 aka tashe su zuwa tudu, da yawansu suka musulunta, suka koma Hausa, 'ya'yansu suka tashi suna kiran kansu Yawurawa. Paul Lovejoy ya nuna irin haka ga Agalawa da Tokarawa, waɗanda kakanninsu daga ƙasar Buzaye suka fito, suka zama manyan fataken goro na Kano.

Malaman soshiyoloji da suka tashi a Sakkwato sun juya ga abin da ke ƙofar gidansu. Farfesa Sulaiman Khalid ya yi digirinsa na uku a kan yadda almajiranci ya sauya a birnin Sakkwato tsakanin 1970 da 1995. Farfesa Tukur Muhammad Baba ya yi nasa a kan Fulani makiyaya da yadda tsare-tsaren gwamnati na noma da kiwo suka shafe su, tun shekaru da dama kafin rikicin daji ya kai inda ya kai. A Sashen Harsunan Nijeriya kuma, Bunza da abokan aikinsa suka ɗauki al'ada gadan-gadan: magani da bori da camfi da tsagar gado da wasannin barkwanci, irin wanda ke tsakanin Bagobiri da Bayarabe, ko Bafillace da Babarbare.

Sana'ar kanta tana da matakala mai tsawo. Wanda ya fita da sakamako mai kyau akan riƙe shi mataimakin malami. Ya yi digiri na biyu, ya yi na uku, yana koyar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai, yana duba kundaye, yana neman mujallar da za ta buga masa maƙala, domin da yawan maƙalu ake hawa daga ƙaramin malami zuwa babban malami har farfesa. A aji yana karantar da Ibn Khaldun da Durkheim da Weber da Marx. A fili kuwa wani karatun ne daban. Sai ya fara gaida mai unguwa, ya sami wanda zai gabatar da shi, ya san cewa ba a shiga gidan matan aure sai da mace mai taimako, ba a tambayar mutum yawan 'ya'yansa ko dabbobinsa kai tsaye, ba a kuma katse dattijo idan ya ɗauko labari daga kakan kakansa. Wanda ya yi gaggawa zai koma da takarda cike da amsoshin da aka ba shi don a rabu da shi.

Sana'ar ta sha wuya. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar albashi, littattafan waje suka gagari ɗakin karatu, malamai da dama suka tafi. Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya rufe jami'o'i wata takwas. Asusun TETFund ya taimaka wajen tura malamai ƙaro karatu, amma kuɗin zuwa ƙauye a zauna wata shida ana sauraron mutane, irin zaman da ya haifar da manyan littattafan da aka ambata, ya yi ƙaranci. Yanzu kuma rashin tsaro ya rufe hanyoyin Isa da Sabon Birni da Rabah ga mai bincike.

Sai dai ƙauyen da mai bincike ba ya iya zuwa, shi ya taso ya zo birni. Tun da Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967 gari ya tsallake ganuwa. Farin farkon shekarun 1970 ya koro Buzaye da Adarawa. Ma'aikata da 'yan kasuwa suka zo daga ko'ina cikin Nijeriya. A 'yan shekarun nan 'yan gudun hijira daga gabashin jihar suka ƙaru a kansu. Unguwanni irin Gidan Igwai da Runjin Sambo da Mabera da Arkilla su ne inda duk waɗannan ke haɗuwa, a layin famfo da makarantar allo da wurin mai shayi da gidan haya mai ɗaki goma. A nan ake ganin yaron da iyayensa Zabarmawa ne ya tashi ba ya jin komai sai Sakkwatanci, da tsohuwar da fuskarta ke ɗauke da tsagar Gobir alhali jikokinta fuskarsu sumul. Abin da Salamone ya je Yawuri nema yana faruwa a cikin birni kowace rana.

Ga kuma dalilin da ya sa aikin ya wuce neman ƙarin girma a ofis. Ƙidayar jama'a ta 1991 da ta 2006 duk ba su tambayi ƙabila ko addini ba, saboda haka duk alƙaluman da ake jefawa a gardama ƙiyasi ne. Amma takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ita ke buɗe ƙofar gurbin karatu da aikin gwamnati, kuma akan hana ta ga wanda aka haifa a gari idan an ce kakansa baƙo ne. A Facebook da TikTok kuwa an sami masu raba Hausa da Fulani da layi ɗaya miƙaƙƙe, suna ɗora alhakin ta'asar 'yan bindiga a kan zuriya sukutum. Zafin da ke bayan wannan magana na gaske ne, domin an kashe mutane an ƙone garuruwa. Amma rabon da suke yi shi ne dai na rahotannin di'o-di'o, wanda binciken shekara sittin ya nuna bai dace da yadda mutanen ƙasar nan suka cakuɗa ba.

Matsalar ita ce yawancin wannan bincike da Turanci yake, a cikin kundaye masu baƙin bango da ke jere a kantocin sassa, da mujallun da ko malamai ba su cika samu ba. Mutanen da aka yi wa tambayoyin ba su taɓa jin abin da aka gano a kansu ba. Bello ya rubuta da Larabcin da malaman zamaninsa ke karantawa, Nana Asma'u ta koma Hausa don matan ƙauye, Waziri Junaidu ya yi Tarihin Fulani da Hausa. Ya kamata Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta wajabta wa duk mai digiri na biyu da na uku a fannin zamantakewa ya rubuta taƙaitaccen sakamakonsa da Hausa, a karanta a gidajen rediyon Sakkwato, a kai kwafe ga hakimai da masu unguwanni da limamai. Ya kamata kuma jami'ar ta haɗa hannu da hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a naɗi muryoyin dattawan unguwanni da na 'yan gudun hijira tun suna raye, kowa ya faɗi garin da ya fito, da sunan kakanninsa, da wanda ya ba shi masauki ranar da ya iso.